Fitilar Kujerar Baya

Yaya,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara da sabuwar motarka mai sanyi. Mu ma lafiya, in dai abin da muke ciki sunansa lafiya. Baba yana nan yadda ka bar shi, ɓarin dama a shanye, baki bai buɗe ba. Ba ka tambaya ba, amma na faɗa maka.

Saƙonka ya iso ta bakin matarka, tunda naka bakin ya yi tsada. Wai in wata ya ƙare tsohuwar motar Baba ba ta fita da ƙafarta ba, za ka turo masu sayen ƙarafa su yanka ta, ka gina shago a wurin. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Mutumin nan ba ya karɓar abinci sai na juya kujerarsa tana kallon motar ta taga. Ran da aka sa mata wuta aka yanka, shi aka yanka, kuma ka sani.

Kai kake cewa ta mutu, don ba ka taɓa buɗe bonet ɗinta ba. Na yi cajin batir, na wanke kawunansa, na zuba mai, ta tashi. Matsalar ɗaya ce. Sai ta yi ta aiki lafiya, ni da tela maƙwabcinmu mu ɗauko Baba mu zaunar da shi a baya, kafin in zagaya in kama sitiyari ka ji ƙas, fis ya ƙone, ta yi tari ta mutu. Fis ɗin nan shi yake kai wuta ga famfon fetur, shi yake kai wa hon. Na canza har na gaji, mai shagon kayan mota ya fara yi mini dariya tun daga nesa.

Na kira mai wayarin, mai gyaran wutar mota, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya fito yana salati. Ka san Baba da kansa ya sake wayarin motar nan tun muna yara, kuma da naɗin waya guda ya yi, ja. Duk wayoyin ja ne. Zaren ɗinkin Mama ya ɗaura wa kowace don ya gane ta, shuɗi na fitila, kore na hon, yanzu kuwa zaren duk ya koɗe ya koma launi ɗaya. Mai wayarin ya ce sai dai a tsige duka a sake. Baba ya buga sandarsa a ƙasa har mutumin ya kwashe jakarsa.

Matarka ta ce wai motar ce ta ƙi Baba. Ka gaya mata ta riƙe wannan hikimar a gidanta, domin a gabansa ta faɗa, kuma kunnensa bai shanye ba. Tun ranar, in fis ya ƙone sai ya sunkuyar da kai ya yi ta shafa kushin.

Ka gaida yara. Su ba su yi mini komai ba.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ka don an koya mini gaisuwa. Da fatan ka isa gida lafiya, tunda sauri kake yi kamar an ce gidanmu zai ci ka. Lafiyar Baba kuwa, ka zauna ka karanta.

Ka zo da farar rigarka, ka ce mata ba su san mota ba, ka kore ni in kawo maka ruwa. Kafin in dawo ka tashe ta, ka danna hon unguwa ta ji, tela ya tafa maka. Ka ce ka sa mata fis mai ƙarfi, ka karkaɗe hannu ka tafi. Ko ɗakin Baba ba ka koma ba, ta taga ka ɗaga masa hannu.

Ƙarya ka yi mini. Babu fis ɗin da ka sa. Ƙonannen ka ɗauka ka nannaɗe shi da silin wayar tagulla ka mayar. Na yarda da kai, ban duba ba, don ban zaci ɗan da Baba ya haifa zai yi wannan aikin ba. Sau nawa ya faɗa a gabanmu cewa fis yana mutuwa ne don mota ta rayu? Ni ina riƙe masa tocila ina ji, kai kana cikin motar kana karatu.

Washegari da hantsi muka zaunar da shi a baya. Ta tashi ba ta mutu ba. Baba ya yi murmushi da rabin bakin da ya rage masa, ni kuma, Allah ya sani, har na fara sa maka albarka a zuciya. Na ja ta zuwa bakin ƙofa. Sai na ji warin roba. Na waiga, hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashinsa, yana zagaye ƙafafunsa, shi kuwa yana zaune yana kallona. Ba ya iya ihu, Yaya. Ba ya iya matsawa. Hannun hagu kawai yake bugawa a gilashi.

Ban san yadda na fizgo shi ba. Mun faɗi tare a ƙasa, gwiwarsa ta goge, bayan rigarsa ya babbake. Tela ne ya yi hankalin cire kan batir, da yanzu wani labarin kake karantawa. Hannuna ya ƙone a wurin ƙofar, shi ya sa rubutun nan ya karkace.

Na ciro fis ɗinka na ajiye a cikin kofi a kan taga. Duk wanda ya zo dubiya ina nuna masa, ina faɗa masa aikin babban ɗa ne. Ka ji haushi in ka ga dama. Na san abin da za ka ce, wai ga hujja ta fito, motar hatsari ce, a yanka ta. Motar ta shekara da shekaru tana kare kanta da ɗan fis ɗinta. Kai ne hatsarin.

Kada ka turo matarka da ban-haƙuri.

Auta

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana lafiya. Gwiwar Baba ta kame, hannuna ya fara saɓa. Na ga kiranka ban ɗauka ba, kuma ba mantuwa ba ce.

Hayaƙinka ya yi amfani ɗaya, ya nuna mini inda zan duba. Na yi yadda Baba yake yi. Na haɗa ƙwan fitila a gurbin fis, in wuta tana zuba a jikin ƙarfe zai haska sosai, in babu zai yi ja-ja kawai. Na murɗa makulli, ƙwan ya yi ja-ja. Na ce tela ya zauna a baya, gefen hagu inda muke sa Baba. Yana zama ƙwan ya haske fal. Ya tashi, ƙwan ya dushe. Ya yi ta zama yana tashi kamar mai ciwon baya, muna dariya, ni dariyar tawa da hawaye.

Na cire kushin. Akwai waya ɗaya da ta bi ta ƙarƙashinsa, sifirin kujera ya ci robarta, duk wanda ya zauna sai ya danna ta a jikin ƙarfe. Ka ga motar ba ta taɓa ƙin Baba ba. Na bi wayar da yatsa, ta hau ta jikin ƙofa, ta shige cikin rufi, ta tsaya a wata 'yar fitila da ƙura ta rufe.

Ka tuna ta? Fitilarka ce. Ita Baba ya sa maka don ka riƙa bitar karatu in zai kai ka makaranta da sassafe. Gefen hagu naka ne, ba mai zama. Ni a dama nake zama, babu fitila, an ce ni barci nake yi.

Gyaran mai sauƙi ne. A yanke ta daga tushe, a naɗe bakin da salatif, an gama. Wallahi da daɗi na ɗauko filaya. Na turo kujerar Baba kusa don ya ga an kama ɓarawon. Na nuna masa wayar, na sa mata filaya. Sai ya kama wuyan hannuna da hannunsa na hagu, daidai kan ƙunar. Ban san yana da sauran wannan ƙarfin ba. Na ce masa ita ce ta kusa ƙone shi. Na ce masa shi mai fitilar, shago yake son ginawa a nan. Duk ya ji. Bai sake ni ba sai da na ajiye filayar.

Don haka na yini a durƙushe ina yi maka aiki. Na ja sabuwar waya, na sa ta cikin tiyo, na kauce wa sifirin, na sauya wadda ka babbake, na goge fitilar, na sa fis na gaskiya. Ja na saya, don Baba ya ƙi kowane launi. Ya nuna akwatin zaren Mama, na ɗaura mata fari.

Jiya ta fita da ƙafarta, wata bai ƙare ba. Mun zagaya ta bakin kasuwa, muka bi ta gaban tsohon wurin aikinsa, na danna hon har mutane suna waigowa. Ka sallami masu ƙarafanka. In kuwa sun zo, a cikinta za su same ni.

Abu ɗaya ya rage, shi ma don ka sani ne, ba roƙo ba ne. Da za mu sa shi a mota ya ƙi gefen hagu. Ya turje har muka zagaya da shi dama, wurina. Yana zama ya miƙa hannu ya kunna fitilar, da rana tsaka. Haka muka yi ta yawo a gari tana ci a kan kujerar da babu kowa, ni ina tuƙi, shi ko sau ɗaya bai kalli titi ba.

Ban yafe maka ba. Amma fitilarka tana aiki.

Ƙanwarka,
Auta