In Kunna Mata Kyandir ko In Bar Tagarta da Duhu?

Malam Maazou, don Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka hanzarta, domin takwas ga Disamba ta kusa, ni kuwa har yanzu ban san abin da zan yi ba.

Ni Kirista ce, 'yar wani ƙauye a ƙasar Maraɗi. Na san yawancin masu karanta wannan fili Musulmi ne, kai ma haka, amma abin da ke cina ba zan iya kai shi gaban mutanenmu ba tukuna. Karatun aikin jinya nake yi a Lyon. Ina hayar ɗaki a gidan wata tsohuwa Bafaranshiya, 'yar Katolika, a unguwar masaƙa ta Croix-Rousse, can kan tudu. Mijinta masaƙin alharini ne, ya daɗe da rasuwa. Kaka nake kiranta, ita kuma ta ce da ni 'yata.

Bara, ran takwas ga Disamba, ban san hawa ba ban san sauka ba, na taso daga asibiti da magariba sai na tarar garin ya zama wani abu dabam. Kowace taga, daga ƙasan bene har can ƙoli, an jera mata 'yan kofunan gilashi da kyandir a ciki. Na tsaya a kan gada. Wuta na rawa a sama, tana rawa a cikin kogi, ga mutane suna hawa tudun Fourvière suna waƙa a hankali, kowa da tasa wutar a hannu. Malam, na sha ganin taurari a daji ran da babu wata, amma ban taɓa zaton 'yan Adam za su yi abin da ya kusa kama da su ba. Na yi kuka, na yi wa Ubangiji addu'a irin wadda ban taɓa yi ba ko a majami'armu. Sai da na isa gida Kaka ta gaya mini wai duk wannan godiya ce ga Maryamu, uwar Yesu.

Mu kuwa ba 'yan Katolika ba ne. Mu a kan magana ɗaya aka rene mu: abin da ba ya cikin Littafi Mai Tsarki ba namu ba ne, ko da wane ne ya faɗa. Na yi shiru da abin a raina shekara guda.

Bana Kaka ta kamu da shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya mutu, na hagu rawa yake yi, ko ashana ba ta iya ƙyastawa. Ta sa na sauko mata da kofunan daga saman kabad, na uwarta ne, wasu bakinsu ya ɓantare. Ta roƙe ni in kunna mata su a ranar. Ta ce in maƙwabta suka ga tagarta da duhu, za su ce tsohuwar ta tafi.

Na buga waya na gaya wa Kawu Ilya, wan mahaifiyata. Dako yake yi a kasuwar Rungis, kuma shi ne dattijon 'yar ƙungiyarmu ta masu sujada da Hausa a Paris, wajen Porte de la Chapelle. Shi ne uba gare ni a ƙasar nan. Ya ce in nuna masa aya. Ya ce in na kunna wuta don girmama wata halitta, kada in zo Jibin Ubangiji, wato teburin da muke cin gurasar tunawa da Yesu, ran Kirsimeti sai na tuba a gaban jama'a. Ba da tsawa ya faɗa ba. Uwarsu 'yar bori ce, shi da hannunsa ya fasa tukwanen tsafin gidansu yana saurayi, aka kore shi, ya yi damina guda yana kwana a bukkar gona.

Da na yi wa Kaka bayani sai ta yi dariya da rabin bakinta mai motsi, ta tambaye ni wa ya riƙe mini Littafin shekaru aru-aru kafin ya iso ƙauyenmu, in ba ikkilisiyarsu ta Katolika ba.

Malam, wa ke gaba, Littafi ko waɗanda suka riƙe shi? Kuma abin da na ji a kan gada, daga Allah ne ko ruɗi ne? Ba na so in rasa teburin Ubangiji, ba na kuma so tsohuwar nan ta zauna cikin duhu.

'Yar Maraɗi a Lyon

*

'Yata, na gode da amincewarki. Ni ba malamin addininku ba ne, saboda haka abin da zan ba ki bayani ne da shawara, ba hukunci ba.

Tambayarki ta girme mu, ni da ke, kuma garin da kike zaune ya san ta da kyau. A ƙarni na biyu, wani bishop na Lyon, wato shugaban ikkilisiyar garin, ya rubuta cewa ana gane koyarwar gaskiya ta wurin abin da ikkilisiyoyi suka karɓa hannu da hannu daga manzanni. Bayan kusan shekara dubu, wani attajirin garin ya sa aka juya masa Linjila zuwa harshen talakawa, ya shiga wa'azi da ita, hukumar ikkilisiya ta hana shi, ya ƙi bari. Titunan da kike bi zuwa asibiti mutanen nan biyu duk sun taka ƙasarsu. Na daɗe ina mamakin wannan.

Kaka tana da hujja. Littafin bai sauko da jerin sunayen littattafansa ba, masu bi na farko ne suka tantance su suka adana. A cikinsa ma akwai inda aka ce wa masu bi su riƙe abin da aka koya musu, ko da baki ko a rubuce. Kawunki ma yana da hujja mai ƙarfi, domin Yesu ya tsawata wa waɗanda suka ture umarnin Allah saboda al'adar mutane. A wurin su Kawu, ikkilisiya shaida ce ga Littafi, kuma shaida ba ya zama alƙali. Katolika kuma za su ce miki girmama Maryamu suke yi, ba bauta mata ba. Ba za ki raba wannan gardama kafin Disamba ba, kada ki ɗora wa kanki.

Abin da ke gabanki ya fi wannan ƙanƙanta. Ke ma'aikaciyar jinya ce. Ina kyautata zaton kin taɓa miƙa wa Musulmi marar lafiya ruwan alwala, ko kin juya masa gado ya fuskanci alƙibla, ba ki kuma tashi daga addininki ba. A ganina aron hannu ga wadda nata ya mutu daga wannan babin yake. Amma ni ba na cin abinci a teburin da kike tsoron rasawa, kuma littafinku da kansa ya ce abin da mutum ya yi yana shakka laifi ne a gare shi. In zuciyarki ta ce miki ibada ce, kada ki ƙyasta ashanar.

Game da gada kuwa, ke da bakinki kika ce Ubangiji kika kira. Ba ki ma san don wa aka kunna wutar ba. Ban ga abin tuba a nan ba.

Ki hau jirgin ƙasa ki je Paris wannan Asabar ɗin, irin wannan magana ba ta waya ba ce. Ki gaya wa Kawu halin da hannun tsohuwar yake ciki, ki gaya masa kukan da kika yi bara, ku buɗe Littafin tare. Wataƙila wani ya ba ki makami ya ce ranar Kirsimeti ma ba ta cikin aya. Gaskiya ne, amma kada ki yi amfani da shi. Mutumin da ya rasa gidan ubansa saboda imani ba a ƙure shi, roƙonsa ake yi. Tsoronsa kada danginku su rasa abin da shi ya biya da tsada.

In ya yarda, ki kunna da kwanciyar rai, ki faɗa wa Kaka ƙarara cewa dominta kika yi, addu'arki kuwa ga Allah kaɗai take. In ya ƙi, kada ki yi a ɓoye. Ki ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta tun yanzu, a benen nan ba za a rasa wanda zai yi murnar ƙyasta mata ashana ba. Ke kuma ki wanke kofunan, ki lulluɓe ta da bargo, ki tura kujerarta gaban taga, ki zauna kusa da ita har kyandir ɗin su ƙare. Wannan babu ɓangaren da ya hana, kuma ina zaton zamanki a gefenta ya fi mata ashanar.

Allah ya ba Kaka sauƙi, ya sanyaya zuciyar Kawu, ya ba ki sa'ar karatu.

Maazou