Kwale-kwalen Babana Zai Hau Mota

Zuwa ga Fanna 'yar Inna Yakaka,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ke farar balbelata, furen badon da ke buɗewa da hantsi a tsakiyar tafki, ruwan randa ga wanda ya wuni yana tuƙi, ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko. Ke ce inuwar da nake nema idan rana ta tsaya a kan kogin Haɗeja, ke ce gaɓar da idona ke kallo idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi. Ina gaishe ki gaisuwa mai faɗin fadamarmu, fadamar da, ba ta bana ba. Ki gaida Inna da jiki. Ki gaida yayanki Mustapha, in har yana da lokacin amsa gaisuwar ɗan fito tun da ya zama mai shago a bakin kwalta.

Saƙonki ya iso. Mustapha ne ya kawo shi a kan babur, bai ko kashe inji ba. Kin ce ke da Mashigin Tsamiya kun yi sallama, ba za ki bar Inna a Haɗeja ki koma garin da ruwa ya kewaye ba. Kin ce in da gaske nake, in bar kogi in zo, ga a-daidaita-sahu Mustapha zai ba ni in riƙa ja, sai a sa rana. In kuwa ba zan iya ba, in faɗa miki tun wuri, kar mu tsufa kowa yana kallon ɗan'uwansa daga tsallake. Na ji. Ga amsata, amma ki yi haƙuri ki bi ta a hankali, kin san bakina ba ya bin miƙaƙƙiyar hanya.

Kin tuna ranar kasuwar Guri da kika fara shiga jirgina? Kina ɗauke da kwandon bandar Inna, kika zauna a goshin jirgi kamar ke kika sassaƙa shi. Ni kuwa ina tuƙi ina harhaɗa baƙaƙen da ke jikin buhun takin wani fasinja, da ƙarfi, yadda na saba, don ba malamin da ya taɓa zaunar da ni a benci. A jikin buhu da yagaggiyar jaridar da ake naɗe kifi na koyi boko. Kika yi dariya har kika rufe baki da gyale, iska ta fizge gyalen ta jefa a ruwa, na tsamo shi da gorar tuƙi na miƙa miki yana ɗiga. Ba ki yi godiya ba. Cewa kika yi in ƙarasa karatun buhun, kina son jin ƙarshen labarin. Tun daga ranar, zumar zuciyata, ban ƙara tsallake kogin nan ni kaɗai ba, ko da jirgin babu kowa.

Sai titi ya zo. Kar in yi ƙarya, har da ni aka bi katafila da ihu da tafi. Wa zai ƙi kwalta? Muka zuba ido masu aikin titin suka tara jar ƙasa ta fi tsayin mutum, suka ja ta ta ratsa tsakiyar fadama kamar katanga, suka huda mata 'yan kwalbatoci nan da can, suka dasa gada can sama da mu, suka kwashe kayansu suka tafi. Ba wanda ya zauna ya tambayi tsofaffinmu ta ina ruwa ke shigowa, ta ina yake komawa. Wai ruwa zai karanta allonsu ya bi inda suka zana masa!

Kin ga abin da ya biyo baya da idonki, amma bari in faɗa, ko na samu sauƙi. Mashigi ya mutu. Wurin da ranar kasuwa sai ka ture mutum kafin ka taka ruwa, yanzu zalɓe ne ke tsayuwa da ƙafa ɗaya yana jiran fasinja tare da ni. Mai ƙosai ta ɗauke kaskonta ta koma bakin titi, mai shayi ya bi ta, mai faci ya bi mai shayi. Dillalai suna zuwa da motoci su kwashe kifi ɗanye tun yana motsi, matan da suka rayu da banda, irin su Inna, suka wayi gari murhu a kashe. Su kuma motocin su dawo mana da kifin ƙanƙara wanda ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta ci. Samari suka sayar da gonakin gado suka sayi babura. Abdulwahid, wanda ke nutsewa ya kamo tarwaɗa da hannu, ya sayar da komarsa ya hau acaɓa, tifa ta bi ta kan ƙafarsa a kwanar gada. Yanzu yana zaune a ƙofar gida yana kallon ruwan da ba zai ƙara shiga ba. To, wannan shi ne ci gaban da aka ce mu yi wa rawa?

Duk wannan na shanye, ƙamshin raina, don ina da shinkafa. Na ce in fito ya mutu, noma na nan, kuma da shinkafar bana zan kawo kayanki. Kin san tsamiyar bakin mashigi, kin san sarar da ke jikinta. Tun zamanin kakan babana, duk shekarar da ruwa ya cika ya tsaya, sai dattijon gidanmu ya je da gatari ya sari gindinta daidai inda ruwan ya kai. Da waɗannan shaidu muke shuka. Ka dubi sara, ka dubi gona, ka san inda ruwa zai tsaya a gwiwa, ka zuba irinka a nan. Ka san inda zai shanye mutum, ka bar wa kifi. Tsamiyar ba ta taɓa yi mana ƙarya ba. Da damina ta faɗi, muka je mu duka muka duba tsamiya, muka shuka yadda iyaye suka shuka. Ke kaɗai kika ce mini daga kan titi kin ga ruwan sama yana taruwa a ɓangarenmu ba ya wucewa, in matsa sama kan tudu. Ni kuwa, da wannan bakin nawa, na ce yaushe 'yar bakin kwalta ta fara koya wa jikan masu fito ruwa.

Ruwa ya zo, Fanna. Ya zo yadda ya saba, a hankali, da sallama. Ya iso katangarsu ya nemi hanya ya rasa, ciyawar kacalla ta riga ta toshe 'yan kwalbatocin, sai ya juyo kanmu. Ya wuce sarar babana. Ya wuce ta kakana. Ya wuce wadda ake nuna wa yara a ce ita ce ta shekarar babbar ambaliya. Na tuƙa jirgi a kan gonata, na leƙa ƙasa ina ganin shinkafar aurenmu tana kaɗawa a ƙarƙashin ruwa kamar tana yi mini bankwana. A ɗaya ɓangaren titin kuwa, tafkunan da ake kamun kifi a cikinsu sun bushe sun tsattsage, makiyaya suna kora shanu a kan busasshen taɓo suna neman abin sha. Titi ɗaya, ya nutsar da dama, ya ƙona hagu. Tsamiya ba ta yi ƙarya ba, ƙasar ce aka canja mata a ƙarƙashi ba a gaya mata ba.

Na so in tsani titin nan gaba ɗaya, tsana mai tsabta, in huta. Ke kika hana ni. Duk sanda na buɗe baki zan tsine masa, sai in tuna ranar da numfashin Inna ya sarƙe, aka sa ta a a-daidaita-sahu, kafin rana ta karkata tana kan gadon asibiti a Haɗeja. Na san da a jirgina ne, da jira da tuƙi da neman mota a tsallake, da yanzu wani labarin ake yi. Na ɗauko irin waɗannan marasa lafiya da yawa, na san nawa ne suka sauka da ƙafarsu. Yaya zan yi jayayya da ke? Abin da ya kashe garina shi ya bar miki uwa. Wa zan kai ƙara, kuma me zan ce?

To ga amsar, hasken idona. Na sayar da jirgin. Wani masunci daga wajen Baturiya ya saya, can ruwa bai gama lalacewa ba. Jibi za a zo ɗauka, kuma kin san da me? Da mota. Kwale-kwalen da babana ya sassaƙa, wanda bai taɓa sanin komai ba sai ruwa, za a ɗaure shi da igiya cikinsa sama kamar ragon layya, ya bi ta kan titin da ya kashe shi. Na roƙi direban ya rage mini hanya. Zan zauna a baya kusa da shi har kwanar da hanyarmu za ta rabu, shi ya yi gabas, ni in nufo ki.

Kafin nan na yi abu ɗaya. Jiya da hantsi na shiga jirgi da gatari, na tsaya a kansa, na sari tsamiya daidai inda ruwan bana ya tsaya. Ruwan ya fara ja, sai da na ɗaga hannu sama kafin in kai wurin. Ban san wa zai karanta wannan sarar ba, gari ya kusa zama kango, amma ban yarda a ce a kaina aka daina ba.

Yanzu saura roƙona, kuma shi ne abin da ke hana ni cin abinci. Wanda kika so ɗan fito ne, Fanna, mai warin ruwa, mai tsayuwa a bayan jirgi yana surutu da kogi. Wanda zai zo miki wani ne: baƙo a gari, mai koyon birki da girma, wanda yara za su yi wa oda su zage shi a mararraba, shi kuma ya rama har ya wuce gona da iri. Zan yi fushi. Zan tsaya wani lokaci ina kallon kwata bayan ruwan sama kamar mahaukaci. Za ki iya da shi? Za ki kalle shi yadda kika kalli mai karatun buhu? In ba za ki iya ba, ki aiko Mustapha ya tare ni a tasha, kar ki bari in ga haka a idonki, don na iya jure ganin gonata a ƙarƙashin ruwa, wannan kuwa ba zan iya ba.

In kuwa za ki iya, abu ɗaya nake nema bayan aure. Duk shekara in ruwa ya cika, ki raka ni mu tsaya a kan titin, in nuna miki kan tsamiya daga nesa, ki bar ni in yi zagina in gama, sannan mu koma gida.

Na bar kogi, ban bar ki ba, kuma ba zan bar ki ba har ranar da za a auna mini ƙasa a jigawa, inda ruwa ba ya kaiwa.

Naki, a ruwa da a kan kwalta,
Shu'ibu ɗan fito, Mashigin Tsamiya