Na yi wa Inna albishir da Umara tun ban karɓi katin ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana, 'yan garinmu sun yi yawa a nan, suna ganin suna labari zai riga ni isa gida. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi bakina ne ya ja min, kwana biyun nan ko tuwo ba ya min daɗi.

Ni ɗan Funtua ne, ni da yayana muke da shagon taki da maganin feshi, in kaka ta yi kuma mu juya jarin mu sayi masara a Bakori da Danja mu ajiye. Watan jiya wani ma'aikacin banki da muka saba da shi ya zo shago da tallan wani kati, wai haɗin gwiwa ne da wani kamfanin jirgin sama. Bankin zai riƙa biya min kaya da kuɗinsu, ni kuma in mayar kafin wata ya cika. Garaɓasar ita ce in sayayyata ta kai wani adadi cikin wata uku, za a ba ni makin da ya isa tikitin Jidda zuwa da dawowa. Ya ce ai ku masu sauke taki tirela guda wannan wasa ne a wurinku. Ni kuwa daga jin Jidda ban ƙara fahimtar komai ba, kai kawai nake ɗagawa.

Mahaifiyarmu Inna shekara da shekaru tana ganin ƙawayenta na tafiya suna dawowa da haƙorin Makka, ita ce zuwa yi musu barka da sauka, amma ba ta taɓa buɗe baki ta ce mu kai ta ba. To ni da azarɓaɓina, ina rufe shago ban ko tsaya na ga Yaya ba, na wuce ɗakinta na ce Inna albishirinki, bana za ki Umara. Ta yi ta kuka tana sa min albarka. Ban gaya mata daga ina tikitin zai fito ba, ita ma ba ta tambaya ba, ta ɗauka kasuwa ce ta yi kyau.

Washegari da na gaya wa Yaya ya kira mutumin bankin, ya zaunar da shi ya yi masa tambayoyin da ya kamata ni in yi. Ashe sai sayayyar da aka goga katin ce ake lissafawa. To manomin da ya kawo masara kasuwar Danja ina ruwansa da kati? Kuɗi hannu yake so, ko tiransifa ta hannun dillali. Wurin da kawai za mu iya gogawa shi ne kamfanin taki, kuma wane mai hankali ne zai cika sito da taki ana tsakiyar girbi, ya zauna yana kallonsa har ruwa ya sauka? Kafin nan watan biya ya wuce tuni, sai dai mu kwashe jarin masara mu toshe, mu rasa kasuwar shekara. In kuma aka makara ko da kwana ɗaya ne, kuɗin ruwa ya hau. Ga kuɗin katin duk shekara, ga biza da masauki duk a kanmu, kuma mutumin bankin da bakinsa ya ce samun kujerar jirgi da makin nan cikin azumi sai an dace.

Ranar mun yi ba daɗi da Yaya, abin da ba mu taɓa yi ba. Ya ce na bi kyautar ɗan kunne zan zubar da jarin gida, kuma ko da na biya a kan lokaci ai na sa hannu na yarda da ruwa, da wannan zan tura tsohuwa ɗakin Allah? Matar da ko ajiya ba ta yarda ta yi a banki. Ni ma zuciya ta ɗebe ni na ce shi da yake ta cewa a bari sai baɗi, baɗi nawa aka yi, Inna ƙaruwa take ko raguwa? Ya ce ba da jarinsa ba, kuma tunda ni na yi albishir ni zan je in warware, shi ba zai ce mata komai ba. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Na tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce sharaɗin kansa ya ɓata cinikin, ɗaya ya ce in na tabbata ba zan makara ba akwai sauƙi. Ni kuma wallahi ban tabbata ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali, Inna ta riga ta fara zagayen neman yafiya irin na mai tafiya. Har Malumfashi ta hau mota ta je wurin ƙanwarta da suka daɗe ba sa magana saboda rabon gona, suka yafi juna suna kuka. Matan unguwa sai shigowa suke da sallahun addu'a, wata ta haihuwa, wata ta lafiyar miji, tana ta haddacewa. Duk wanda ya gan ni sai ya ce Allah ya yi maka albarka, ni kuma kunya ce da tsoro suke cina.

Jiya da safe ta kira ni ta miƙo min farin yadi a leda. Ta ce likkafaninta ne ta sa aka yanko, za ta tafi da shi ta wanke da ruwan zamzam, in ajiye a wurina tunda ni ne mai kai ta. Na karɓa na ce to Inna.

Ranar Litinin mutumin bankin zai dawo. Masu irin wannan katin don Allah ku faɗa min gaskiya, garaɓasar nan ta taɓa kai wani inda aka ce ba tare da ruwa ya taɓa shi ba? Malaman cikinmu kuma ina sauraronku, zagi ma na yarda in dai da mafita a ciki. In sa hannu in rufe bakina, ko in ɗauki yadin nan in mayar wa Inna da hannuna?