Yaya, Ki Sauke Tukunyar Ganyen Kori

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya jiƙan Inna. Ni nan lafiya lau, sai kaɗaici. In na taso daga aiki na buɗe ɗaki, babu mai ce min sannu da zuwa. Kofi ɗaya nake wankewa, cokali ɗaya.

Yaya, jiya babbar 'yarki ta kira ni tana kuka. Ta ce wata uku ke nan kina jin ƙullutu a mamanki na hagu, kin hana a gaya min, kin ƙi asibiti, sai ganyen kori kike tafasawa kina sha safe da yamma. Wai kin ce ƙanwarki da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje ce ta faɗa miki da bakinta cewa yana kashe sankara.

Na faɗa, kuma son ki yaba min ne ya sa na cika baki. Ga yadda aikin yake. Ni ke shanya ganyen, in daka, in jiƙa, in tace, sannan in ɗiga ruwan a kan ƙwayoyin sankara da muke renonsu a ɗan farantin da bai kai tafin hannu ba. Wasu sukan mutu, shi ne murnar da na kira ki ina yi. Amma a faranti ko ruwan sabulu aka zuba mutuwa za su yi. Shugabarmu kullum cewa take akwai alamar alheri, sai dai da sauran tafiya kafin a san ko zai kare mutum. Ki zuba ganyen a miya, wannan babu laifi, amma kada ki ɗauke shi magani.

Haka Inna ta yi ta ɓoyewa har likita ya ce an makara. Ita ba ta da wanda ya ruɗe ta. Ke in kika makara, bakina ne ya ja, kuma ban san yadda zan rayu da wannan ba. Don girman Allah ki je a duba ki cikin makon nan.

Ki gaida maigidan, da Gwaggo, da Baffa da ƙafarsa. 'Yar taki da ta kira ni kada ki yi mata faɗa, ta kyauta min.

Tsoro nake ji, Yaya. Duk duniya ke kaɗai kika rage mai kirana Auta.

Taki,
Auta