Marsandin Ɗaukar Amarya

Madabo, Kano

Zuwa ga Turai,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Yaya ƙafar Inna? Damina uku ke nan rabona da gida. Kin fi ni sanin lissafin, tunda ke kike tara kwanuka a ƙarƙashin rufin nan mai yoyo.

Wannan karon ina ganin alamar mafita. Alhaji Baffa, wanda nake kwana a soron gidansa, yana da wata Marsandi ta hannu, irin mai gudun tsiyar nan, injinta ya buga tun bara. Mun yi magana da shi: in tayar da injin da kuɗina da gumina, in an sayar mu raba. Duk abin da na tara don kwanon rufinmu na kai Ƙofar Ruwa, na sayo fistan da ringi da sauran kayan ciki. Kar ki yi fushi. A bakin lungu nake aikin, ƙarƙashin tamfol, awakin unguwa ne 'yan kallona.

Jiya ta tashi. Turai, da na ji ƙararta sai da na zauna a ƙasa. Saura a lallaɓa ta na ɗan lokaci kamar mai jego, ba gudu, ba taka totur, har ƙarafan su saba da juna. Daga nan ita kasuwa, ni gida.

Ki gaida Inna da kyau.

Mijinki,
Isiyaku

Zuwa ga Turai,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara, da fatan kowa lafiya. Ni ma jikina lafiya.

Ba zan zo ba.

Maƙwabcin Alhaji ya yi wa ɗansa aure, suka zo aron motar don ɗaukar amarya. Na faɗa wa Alhaji injin ɗanye ne, ya kuma ji ni sarai. To amma mutumin da suke sahu ɗaya a masallaci tun suna yara, wanda ya yi wa mahaifinsa wankan gawa, da wane baki zai hana shi mota? A cikin garin nan ba a yin haka. Na so in tsane shi, na kasa. Da ni ne ma, makullin zan miƙa.

Zaharaddeen, abokin ango, shi ya ja ta. Gaskiya ya kai amarya a hankali. A dawowa ne samari suka zuga shi, ya yi ta wasa da ita a titi ana tafi, har ƙarfe ya fasa cikin injin ya leƙo waje. Da igiya aka jawo ta, ko adon bikin ba a cire ba.

Uban ango ya zo har soro ya yi min jaje, ya kawo min alkaki da dubulan. Maganar biya ba wanda ya tayar. Alhaji ya ce tsautsayi ne, idonsa a ƙasa. Shekaranjiya 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe suka ɗora injin a sikeli, ina tsaye.

Ki kwashe yara ku koma ɗakin Inna kafin ruwa ya sauka, rufin nan ba zai ƙara kai wata damina ba. Kar ki tambaye ni yaushe, ban sani ba.

Abin da na tsira da shi: fistan biyu da ba su ƙone ba, batir ɗaya, akwatin sifanuna, sai takalman ɗanmu Nura da na saya tun azumi, waɗanda na san yanzu sun yi masa kaɗan.

Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Isiyaku