Abin da Likita Ta Gani a Jinin Baffa

Karaye, Laraba da dare, tara ga wata

Yanzu muka dawo daga Kano. Na gaji tiɓis, amma barci ya ƙi zuwa.

Wata biyu ke nan, kafin a fara yi wa Baffa maganin kansar nan mai zuga garkuwar jiki, likita ta auna jininsa. Ta ce mini, "Malama, ba tabbas, amma garkuwar za ta iya juyowa ta taɓa wani ɗan abu a wuyansa. In kika ga gumi, rawar hannu da bugun zuciya, ki kawo shi."

Jiya da na je duba Baffa a ƙauyen Gwangwan, ya kasa riƙe kofin koko. Inna ta ce zazzaɓi ne, a dafa ganye. Ni kuwa nan take na tuna da maganar likita.

Yau aka duba, shi ne kuwa. An ba shi ƙwayoyi, maganin kansar ma ba za a dakatar da shi ba.

A mota ya daɗe yana kallon jijiyar hannunsa. Can ya ce, "Ashe shekara saba'in ina yawo da wasiƙa a jikina, ban iya karantawa ba. Allah mai iko."