Fitilar da Inna Take Ɗaukewa

Daren Laraba, tsakiyar Janairu, Kazaure

Barci ya ƙi zuwa. Ranar Asabar manoman Roni za su zo ɗaukar dashen tumatir, ban san me zan nuna musu ba.

Kwana goma ke nan ina kunna fitilun ƙwai huɗu a rumfar ledar da na yi wa irin a bayan gida, don kada sanyi ya kashe shi. Kananzir ɗin ma sai na yini a layi, a ƙasar da ake haƙo mai! Yau da safe na duba da kyau. Duk tsiron da ke kusa da fitila ya yi tsawo siriri, ya karkata wajen haske, hayaƙi ya ƙona ganyensa. Kusurwa ɗaya ce kawai ta yi kore shar.

Na kira Inna ta gani. Ta yi jim, ta ce, "Ɗan nan, fitilar wajen nan ni nake ɗaukewa bayan isha'i, in mayar kafin asuba. Ɗakina duhu."

Shekara biyu na yi a makarantar aikin gona!

Ɗazu ta tambaya ko ta kwashe sauran ukun. Na ce ta kwashe. Da ɗayarsu nake wannan rubutu, hankalina na kan rumfar. Sanyin yau ya fi na jiya.